Yadda Harbi a Bakin Ruwan Ikko Ya Zama Yaƙi, 1851

Rigimar da ta auku a kan ruwa tana da wuyar shari'a. Manoman Ɗambatta in sun yi jayayyar iyaka, akwai gamba da aka shuka, akwai dattawan da suka gani. Teku kuwa ba ta riƙe sawu. Wanda ya riga kai labari gida, nasa ake ɗauka.

A 1851 Kosoko ne Sarkin Ikko, ya kori baffansa Akitoye daga sarauta tun 1845. Akitoye ya kai kuka wurin Ingilishi, ya yi alkawarin hana cinikin bayi in sun mai da shi. Ran 25 ga Nuwamba jakadan Ingila, John Beecroft, ya nufo garin da jerin kwalekwale ɗauke da mayaƙa da igwa, suna biye da jirgin Bloodhound, an ɗaga farar tuta. Aka buɗe musu wuta daga gaɓa, hafsoshi biyu suka mutu, saura suka ja da baya.

To, a nan gardamar take. Ingilishi suka ce an keta alfarmar tutar sulhu. Amma mai neman sulhu ba ya zuwa da igwa, kuma mutanen Kosoko ba makafi ba ne. Har a London, Lord Granville ya tsawata wa Beecroft cewa ya wuce umurnin da aka ba shi. Sai dai jini ya riga ya zuba, magana ta tashi daga ta bayi ta koma ta mutuncin manowar Ingila. Ran 26 ga Disamba suka komo da ƙarfi. Harbi ya faɗa rumbun albarushin Kosoko, ya gudu, daga baya ya zauna Epe. Ran 1 ga Janairu 1852 Akitoye ya sa hannu a yarjejeniya, a 1861 kuma ɗansa Dosunmu ya sallama Ikko ɗungum.

Irin wannan ta sami Amurka a 1964. Ran 2 ga Agusta jiragen Biyetnam ta Arewa suka kara da jirgin Maddox a Tekun Tonkin. Ran 4 aka ce an sake kai hari, ran 7 majalisa ta ba Shugaba Johnson iznin yaƙi, dattawa biyu kaɗai suka ƙi. Takardun asirin da aka buɗe a 2005 sun nuna harin na biyu bai auku ba.

Abin Ikko bai tsaya a bakin teku ba. A can ne Glover ya tara Hausawa a 1863, galibinsu bayin da suka tsere, ya mai da su 'yan sanda masu bindiga. Daga cikin tushen nan rundunar da Lugard ya tura Kano ta fito. Hujjarsa ita ma kisa guda ce, watau na Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, da maraban da Sarki Alu ya yi wa Magajin Keffi. Birnin ya faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903.