Ƙwaƙwalwar Mota: Kada A Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A daminar bara muka shiga wata tsohuwar Golf ta haya daga Taba za mu Zariya. Tun asuba ake tafka ruwa. Ba mu yi nisa ba sai inji ya yi shessheƙa sau biyu, ya ɗauke. Direba ya yi ta murza makulli, kik na juyawa, mota ta ƙi tashi. Da yake maƙwabcinmu ne, mun bi labarin har ƙarshe.

Bakaniken farko ya duba fulogi, ya girgiza kai, ya ce birenbos ce ta ƙone, wato ƙwaƙwalwar mota. Bawan Allah ya ci bashi ya tafi Kano, ya sayo wata ta hannu, aka ɗaura, shiru. Motar da ke ciyar da gida, take kai fasinja kasuwar rake ta Makarfi, take ɗauko kwandunan tumatir daga Ikara, ta fi mako guda a ƙarƙashin bishiya. Sai wani matashi mai gyaran wayarin ya zo da mita da 'yar na'ura mai kama da wayar hannu. Kafin la'asar ya gano wayar da ke haɗa ƙwaƙwalwar da jikin mota ce ta yi tsatsa. Ya kankare, ya ɗaure, ya mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar, mota ta tashi a murɗa ɗaya. Ashe an bar jaki ne ana dukan taiki.

Mece ce wannan ƙwaƙwalwa?

'Yar kwamfuta ce a cikin akwatin ƙarfe da bai wuce girman littafin karatunku ba. Tana karɓar rahoto daga ƙananan na'urori da ake kira sensa: wata na faɗa mata saurin juyawar inji, wata yawan iskar da ke shiga, wata zafin ruwa, wata kuma tana shinshinar hayaƙin salansa. Da waɗannan rahotanni take yanke yawan fetur ɗin da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Abin da take nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Inji mai silinda huɗu yana juyawa sau 3,000 a minti. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, wato sau 1,500. Ku ninka da huɗu, ya zama 6,000 a minti, ko 100 a daƙiƙa ɗaya. Duk wannan ƙwaƙwalwar ce ke tsara shi, ba ta makara.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin fesa fetur na lantarki a motocin Volkswagen a 1967. A 1996 kuma Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin OBD-II, mai soket ɗin da ke da ƙofofi 16 a kusa da mazaunin direba. Shi ya sa na'ura ɗaya ke iya karanta yawancin 'yan Kwatanon da ke yawo a titunanmu.

Bincike kafin hukunci

Abin da ke rikita mutane shi ne alamomin sun yi kama da juna. Mota ta ƙi tashi, ko ta riƙa mutuwa a kan hanya, ko ta kama shan mai, ko fitila mai hoton inji ta kunnu a gaban direba. Ƙwaƙwalwa na iya jawo duk waɗannan, amma fiyus ɗaya da ya tsinke ko wayar da ɓera ya gaigaya ma suna jawo su. Don haka gwani yakan fara da mai araha.

Da farko batir: lafiyayye yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan yana aiki. Sai fiyus da rile, sai wayoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwar wuta da waɗanda ke haɗa ta da jikin mota. Bayan nan a jona na'ura a karanta lambobin da ta ajiye. P0335 na nuni ga layin sensar juyawar inji. P0606 kuwa na nufin kwamfutar ta hango matsala a cikin kanta. Amma lamba ishara ce kawai, kamar zazzaɓi ga likita: sai an yi gwaji ake sanin cutar. Idan wuta na isa gare ta, wayoyi lafiya, amma ta ƙi magana da na'ura ko ta daina bai wa sensa bolt 5 da ta saba, ko aka ji ƙaurin ƙuna a jikinta, to a nan ne zargi ya tabbata.

Idan da gaske ita ce fa?

Sauyawa ma da ƙa'idarsa. A fara cire kan batir. A tabbatar lambar da ke jikin wadda aka sayo ta yi daidai da ta tsohuwar, domin kamannin akwati ba hujja ba ne. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya ko a Panteka ta Kaduna, a tafi da tsohuwar a hannu. Sannan motoci da yawa suna da tsarin hana sata: akwai ɗan guntun lantarki a cikin makulli wanda dole ƙwaƙwalwar ta gane shi. Sai an daidaita su da kwamfuta, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Mafi muhimmanci, a gano abin da ya kashe ta farko, don kada ya ci ta biyu.

Masu kashe ta kuwa mun san su: jona batir a juye, cire kan batir inji na aiki don gwada caji, yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi. A irin su Golf, akwatin na ƙarƙashin gilashin gaba ne, inda ganye ke toshe magudana ruwa ya taru.

Saƙonmu gare ku

Abin da ya raba matashin nan da bakaniken farko ba ƙarfin damtse ba ne. Ya san ma'anar bolt, yana karanta Turancin da na'ura ke nunawa, kuma yana bin matsala daki-daki. Wannan shi ne fizik da lissafin da wasunku ke hamma a ajinsu. Motoci na ƙara komawa lantarki, masu karanta su kuwa sun yi ƙaranci a garuruwanmu, kuma aiki ne da mace ma za ta iya.

A hutun nan ku roƙi Baba ko Kawu ya nuna muku soket ɗin motarsa, ku ƙirga ƙofofin da ido, ban da taɓa waya. Wanda ya samu 16 ya rubuto mana sunan motar.