Shin Ko Kun San? Tarihin Ƴan Karismatik a Cocin Katolika

Shin ko kun san cewa a cikin mabiya ɗariƙar Katolika akwai wani rukuni da ake kira ƴan Karismatik, masu ƙarfafa addu'a da yabo da neman baye-bayen Ruhu Mai Tsarki? Ga kaɗan daga tarihinsu da tsarinsu.

• Shin ko kun san cewa ɗaliban jami'a ne suka soma tafiyar? A watan Fabrairun 1967, ɗalibai da malaman jami'ar Duquesne ta birnin Pittsburgh a Amurka suka keɓe kwana uku domin addu'a, bayan sun karanta surori huɗu na farko na littafin Ayyukan Manzanni. A daren Asabar an shirya walimar zagayowar ranar haihuwa, amma ɗaliban suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin sujada da ke saman gidan da suka sauka, wasu na kuka, wasu na yabo. Daga nan abin ya bazu zuwa jami'ar Notre Dame da jihar Michigan.

• Shin ko kun san cewa ba wani mutum ɗaya da ake nunawa a ce shi ne ya kafa ta? Ba ta kuma da katin zama memba. Tushenta shi ne ƙaramin taron addu'a na mako-mako: a zauna a kewaye, a rera waƙoƙin yabo hannuwa a sama, a karanta nassi, wani ya tashi ya ba da shaida, sannan a ɗora wa marar lafiya hannu a yi masa addu'a. Sabbin shiga kuwa sukan bi darasi na mako bakwai.

• Shin ko kun san cewa a lokacin bikin Fentikos na 1975, Paparoma Paul na Shida ya karɓi ƴan Karismatik wajen dubu 10 a majami'ar Saint Peter da ke Roma? Kadinal Suenens na ƙasar Beljiyam ne ya tsaya musu tun farko, lokacin da wasu manya ke ɗari-ɗari da su.

• Shin ko kun san cewa a ƙasashe masu magana da Faransanci tafiyar ta haifi manyan ƙungiyoyi? An kafa Emmanuel a Paris a 1972, Chemin Neuf kuma a Lyon a 1973.

• Shin ko kun san cewa ofishinsu na duniya ya soma a Ann Arbor, ya koma Brussels, sannan Roma? A ranar Fentikos ta 2019, bisa umarnin Paparoma Francis, aka haɗe manyan hukumominsu biyu suka zama ɗaya mai suna CHARIS. Ana ƙiyasta cewa tafiyar ta shafi Katolika fiye da miliyan 100.

• Shin ko kun san cewa a kowace ƙasa, taron ƴan Karismatik yana ƙarƙashin kulawar bishop ɗin yankin ne? A nan gida, Gangara da Gazawa da Agiye da Gidan Rumji duk suna cikin dayosis ɗin Maradi (wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi), wanda aka kafa a 2001, bishop na farko kuwa shi ne Ambroise Ouédraogo ɗan ƙasar Burkina Faso. Dayosis ɗin ya haɗa har da Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa.

• Shin ko kun san cewa ƴan Karismatik ba ƴan cocin Fentikostal ba ne, ko da yake salon addu'arsu ya yi kama? Suna halartar sujadar Lahadi a cocinsu na Katolika, suna bin fada da bishop da Paparoma.

Kiristoci ƴan kaɗan ne a jihar Maradi, amma kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha. Mai karatu, ka san maƙwabcinka da abin da yake bi, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.