Kaurin Waya Kafin Ka Ja Wuta

Mai sauraro, in ka taɓa wayar ɗakinka ka ji ta ɗau zafi, to lodin ya fi ƙarfinta. Lissafin ba wuya: raba wat da bolt, amfiya ta fito. Dutsen guga mai wat 2,200 a wutar bolt 220, amfiya 10 yake ja. Shi ya sa soket ke son wayar tagulla mai lamba 2.5, ƙwan fitila kuwa 1.5 ta ishe shi.

Amma fa a sola aka fi yin kuskure. Wat 240 a batir mai bolt 12, amfiya 20 ke nan! Siririyar waya robarta narkewa za ta yi, a ɗakin ciyawa kuwa sai gobara. Sa mai kauri, gajera, ka ɗaura fis dab da batir.