Haɗa Kayan Tafiya Ƙasa Mai Tsarki

 Yau hirarmu a kan kayan tafiya ce, wato akwati da jaka da abin da ake zubawa a ciki idan Allah ya nufi mutum da fita ƙasar waje. Da yake yawancinmu fitar da muke yi ba ta wuce ta aikin Hajji ko Umara, a kan wannan tafiya za mu ɗora maganar. Amma wadda za ta bi maigida Masar ko Indiya ganin likita ita ma ta kasa kunne, don dokar filin jirgi kusan ɗaya ce ko'ina.

'Yar uwa, abu biyu nake so ki riƙe. Na farko, kada ki ɗauki kayan da ba za ki iya ja ko ɗagawa da kanki ba. Na biyu, kada jakarki ta ƙunshi abin da ba ke kika sa shi da hannunki ba.

Me ya sa na ce da kanki? A gida kin saba, ko buhun gawayi aka kawo akwai yaro ko almajirin da zai shigo da shi. To can babu ɗan aike. Maigida ko muharraminki shi ma yana fama da nasa kayan, kuma masaukin maza daban, na mata daban. Za a sauke ku a Madina ko Jidda, a hau mota, a sauka, a hau bene. Tsakanin Madina da Makka kaɗai tafiyar kusan kilomita 450 ce. Duk inda aka tashi, kayanki na biye da ke. Ga ɗawafi zagaye bakwai, ga Safa da Marwa wanda shi ma in aka haɗa sawu bakwai ɗin ya kai kilomita 3. Ƙarfin da za ki ɓatar wajen kokawa da kaya, wannan ibada ce ta fi buƙatarsa.

Bari mu fara da awo. A filin jirgi ba a kallon girman mai kaya, sikeli ake kallo. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ba fasinja kilo 23 a kowace babbar jaka, sannan jakar hannu kilo 7 ko 8. Ko da kuɗi za ki biya, ba a karɓar jaka guda da ta wuce kilo 32, saboda mutane ne ke ɗaga ta da hannu. Alhazan Najeriya da ke tafiya ta hannun hukuma, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke sanar da nauyin da aka yarda da shi a kowace shekara, kuma hukumomin alhazai na jihohi kan raba jakunkuna iri ɗaya. Saboda haka kada ki yi aiki da abin da Hajiya maƙwabciya ta ce an yi a shekarar da ta je. Ki halarci bita, ko maigida ya tambayo miki jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku.

In babu sikeli a gida, ga dabara. Ledar fiya wata ɗaya rabin kilo ce. Ke nan guda 16 su ne kilo 8, nauyin jakar hannu. Jarka mai lita 20 cike da ruwa kuwa ta ɗan haura kilo 20. Ki ɗaga wannan, ki ɗaga jakarki, hannunki zai gaya miki gaskiya. Amma kafin ranar tashi, a aiki yaro ya aro sikeli a tabbatar.

Sai zaɓen akwati, ga mai zuwa Umara ko wata tafiya da ba a raba jaka. Na san idon da yawa daga cikinmu zai tafi kan akwatin lefe da ke saman sif. Ki bar shi inda yake. Akwatin lefe don ado aka yi shi, wani tun babu komai a ciki ya kai kilo 5, kin ga ya cinye miki rabon kaya tun ba a je ko'ina ba. Tunda galibi ba ke za ki shiga kasuwa ba, ki yi wa wanda zai sayo bayani dalla-dalla. Ya ɗaga akwatin babu komai a ciki ya ji nauyinsa. Ya ja zif ɗin ya mayar sau da yawa, ya ga ba ya cijewa. Ya zaro hannun ja, ya girgiza shi. Ya duba tayoyi: mai taya huɗu ya fi daɗin turawa a kan tayil, amma mai taya biyu da suka shige cikin jikin akwatin ya fi jure jifa da hanya mai gargada. Na yadi mai kauri ya fi na roba sauƙin matsawa, na roba kuma ya fi kare abin da ke fashewa. Girma ma da iyakarsa: in aka haɗa tsawo da faɗi da kauri, yawancin jirage ba sa son ya wuce santimita 158.

Jakar nan da muke kira Gana-mas-go, ita ma a yi hattara. Ba ta da nauyi, gaskiya ne, amma tana yagewa, tana kuma maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya. Kamfanin jirgin Habasha ya hana ta a tafiyarsa daga Najeriya tun 2023. Haka nan ƙunshin da aka ɗaure da zani ko igiya, filayen jirgin Saudiyya ba sa karɓa. Ki samu ɗan kwaɗo ki kulle zif, ki rubuta sunanki da jiharki da lambar waya a waje, ki kuma sa wata takardar a ciki. Idan jakunkuna iri ɗaya aka raba, ki ɗinka ƙyallen atamfa mai haske a jikin taki don ki gane ta daga nesa.

To me za a zuba? Ki shimfiɗa tabarma, ki fito da duk abin da ranki ya ce a tafi da shi, sannan ki mayar da rabi cikin sif. Kaya kala huɗu ko biyar sun isa, bayan yunifom in an ba ku. Ki zaɓi dogayen riguna marasa nauyi, na auduga, masu shan gumi, da hijabi biyu ko uku, da kayan ciki, da safa. Leshi mai duwatsu da shadda mai sitaci ba wurinsu ba ne. Zafin can yana busar da wanki cikin ɗan lokaci, don haka garin sabulu kaɗan da 'yar igiyar shanya sun fi miki kala goma amfani. Mace ba ta da wani tufafi na musamman na harami, kayanta na sutura su ne haraminta, sai dai ba ta sa niƙabi da safar hannu. Ki tanadi sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda kwanakin harami. Humra da turaren wuta su jira ki a gida. In za ki jera kayan, ki naɗe su kamar tabarma maimakon ninkewa, sun fi cin wuri kaɗan. Masu nauyi su zauna ta wajen tayoyi.

Takalmi kuwa, kada ki tafi da sabo fil. Mu da ba mu saba doguwar tafiyar ƙasa ba, sabon takalmi kwana ɗaya zai yi ya fasa mana ƙafa. Ki saya da wuri, ki riƙa zagaya tsakar gida da shi safe da yamma, takalmin ya saba da ke, ƙafar ma ta saba da tafiya. Shi da silifas ɗaya na wanka, shi ke nan.

Akwai abin da ko jaka ta cika sai an nema masa wuri, wato lema. A Hajjin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 51, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda doguwar tafiya cikin rana ba inuwa. Ƙaramar lema mai naɗewa da gorar ruwa sun fi zannuwa uku daraja.

Maganar abinci, na san ba ma son rabuwa da ɗanɗanon gida. Ɗan yaji, da garin kunu, da ƙuli-ƙuli, a ɗaure su da kyau, ba laifi. Amma man ja da man shanu in suka fashe a hanya, sun ɓata naki sun ɓata na mutane. Risho da tukunya kuwa ki manta da su. Tun bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, aka sauya tantuna zuwa waɗanda wuta ba ta saurin ci, kuma an hana girki da gas a wurin. Goro ma, Hajiya, a yi haƙuri. Hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa ba a yarda a shiga da shi Saudiyya ba.

Jakar hannu ita ce wadda ba ta rabuwa da ke a jirgi, kuma ita za ki ɗauka zuwa Mina da Arfa da Muzdalifa, don babban akwati a Makka ake barinsa. Mai ratayawa a baya ta fi, hannuwanki biyu su zama a sake. A ciki ki sa kaya kala ɗaya, ko da akwati zai yi jinkirin isowa, da 'yar sallaya marar nauyi, da waya da caja. Abin ajiye caji, wanda ake kira fawa bank, a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga babban akwati ba saboda batirinsa na iya kama wuta. Almakashi da reza da wuƙa kuwa akasin haka, babban akwati za su shiga. Duk wani abu mai ruwa-ruwa, kamar mai ko man goge baki, kada mazubinsa ya wuce mililita 100 in a jakar hannu yake, in ba haka ba za a karɓe. 'Yan uwanmu na Nijar, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya, sai ku nemi ɗan mahaɗin da zai karɓi cajarku.

Mai hawan jini ko ciwon suga, ki ɗauki maganin da zai ishe ki har ki dawo, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada ki juye ƙwayoyi a leda ɗaya don rage wuri. Fasfo, da katin rigakafi, da guzuri, da katin Nusuk da ake ba alhazai, waɗannan a 'yar jakar wuya ko ta ƙugu za su zauna, ƙarƙashin hijabi.

Yanzu ga magana mafi nauyi. Da zarar an ji za ki tafi, za a fara sallama: ga saƙo ki kai wa 'yata a Jidda, ga ɗan magani ki miƙa wa wane. Mu mata kunya ta yi mana yawa, ba ma iya cewa a'a. To ki sani, a Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin jaka shi ake kamawa. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina, ta je Umara da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar Tramadol da aka liƙa wa sunanta. Sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan bincike ya nuna wasu ne a filin jirgin Kano suka yi wannan aika-aika ba da saninta ba. Wannan fa wadda ba ta karɓi komai ba ke nan, ina ga wadda ta karɓi ƙulli da hannunta? In kin ga gemun ɗan uwanki ya kama wuta, shafa wa na gidanku ruwa. Ke za ki haɗa kayanki, ke za ki kulle. Wanda ya kawo saƙo ki ce masa hukuma ta hana, kuma ba ƙarya kika yi ba. A wajen awo, ki ƙirga jakunkunanki, ki duba 'yan takardun shaidar kaya da za a ba ki. In jaka ɗaya kika bayar, shaida ɗaya za ki karɓa. In karatun boko bai samu ba, muharraminki ya duba miki a gabanki. Ki adana su har ki dawo gida.

Sai dawowa, inda hawaye ya fi zuba. Kowa na jiran tsaraba: dangin miji, 'yan uwa, maƙwabta, abokiyar zama da 'ya'yanta. Hajiya ta cika jaka har ta ƙi rufuwa, a zo awo a ce ta yi yawa, a buɗe ta a gaban jama'a ana zubar da abin da aka saya da guzuri. Maganin wannan tun daga gida yake: ki tafi da jaka rabinta babu komai. Ki rubuta sunayen waɗanda za ki yi wa tsaraba, ko ki sa a rubuta miki, kada ki wuce wannan. Dabino da carbi da kwalli da hula ba su da nauyi sosai. Barguna da kuloli da manyan dardumai kuwa, yawancinsu daga Sin ko Turkiyya ake kai su can, kuma irinsu na nan a kasuwanninmu. Ruwan Zamzam kada ki ɓoye shi cikin kaya, an hana, na'ura tana ganinsa, za a buɗe a fitar. Lita 5 da aka ware wa kowane alhaji daban ake ɗauko shi. Wanda ya zo yi miki barka da sauka, addu'ar da kika yi masa a Arfa ta fi masa bargo.

To 'yan uwa, nan za mu dakata. Wadda ta samu kujera bana, Allah ya kai lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce. Wadda ba ta samu ba, Allah ya kira mu baki ɗaya. Sai mun sake saduwa, a gaida yara da maigida, a huta lafiya.