Bugun Zafin Rana Ga Doki Da Mutum

Ya kai mai doki, ka sani bazara, watau daga watan Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin da zafi ya kan kashe dabba da ubangijinta. Jikin mutum mai lafiya yana kan digiri 37 a ma'aunin Selsiyos, na doki kuwa wajen 38. In ya haura 40, to, rai yana cikin hatsari.

Ga yadda abin ya ke. Aiki yana haifar da zafi cikin tsoka, zufa kuwa ita ke fitar da shi. Doki mai sukuwa ya kan zubar da zufa lita 10 ko fi cikin awa guda, tare da gishirin jikinsa. In ba a mayar masa da ruwan nan ba, sai zafi ya taru har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Daga nan ne suma da jijjiga su ke zuwa.

Alamunsa ga doki su ne haki wanda ba ya lafawa, da rawar tsoka, da tangaɗi, wani lokaci kuma zufa ta ɗauke. Ga mutum kuwa ciwon kai, da jiri, da amai, da magana barkatai.

Da ka ga haka, kada ka yi jinkiri. Ka kai dokin inuwa, ka kwance majayi, ka sauke sirdi, ka yi ta kwarara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, kana maimaitawa. Masu cewa ruwan sanyi yana ɓata doki mai zufa sun yi kuskure. Ka bar shi ya sha in yana so. In ya faɗi yana shure-shure, ka ja da baya, ka aika a kira likitan dabbobi.

Mutum kuwa a tuɓe masa riga, a jiƙa jikinsa sharkaf, a yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. In yana jijjiga, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sarai. A kwantar da shi ta gefe. Ba iskoki ba ne, yawunsa kuma ba ya sa wa kowa cuta. A fara sanyaya shi tukuna, sa'an nan a garzaya da shi asibiti.

Rigakafi ya fi magani. Ka yi tafiyarka da sassafe ko bayan la'asar. Ka ba doki ruwa garwa 2 ko 3 kullum, ka ajiye masa gishiri kusa da turke. Kai kuma ka sa malafa, ka riƙa shan ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. Ka karanta wa maƙwabtanka wannan takarda.