Na'urar da ta gano abin da ke kashe yaro in zazzaɓi ya hau kai

Ƴan'uwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kun san halin damina. Yaro ya kwana da zafin jiki, gobe farfaɗiya, jibi ya suma. Wannan zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau ƙwaƙwalwa.

Akwai na'ura mai suna IRM. Da maganaɗisu mai ƙarfi take ɗaukar hoton cikin kai, ba tsaga, ba zafi. Paul Lauterbur na Amurka ya fitar da hoton farko a 1973.

A garin Blantyre na ƙasar Malawi, likitoci sun duba yara 168 da zazzaɓi ya sumar. Sakamako ya fito a 2015: mafi yawan waɗanda suka rasu, ƙwaƙwalwarsu ce ta kumbura. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Sai kumburin ya danne wurin da ke tafiyar da numfashi, numfashi ya tsaya. Waɗanda suka rayu kuwa, kumburin ya saɓe da kansa.

Na'urar tana da tsada, tana son lantarki marar yankewa. Shi ya sa masananta, da ke taro kowace shekara, suka duƙufa kan ƙarama mai taya, wadda ake turawa har bakin gadon majinyaci. An riga an gwada ta a Malawi.

Kafin ta iso mana, a ba yara maganin rigakafi na watannin damina, a kwana cikin gidan sauro. Yaron da ya yi farfaɗiya ko ya kasa shan nono, a kai shi likita a ranar, ko da dare ne.