Mene ne bådnlåt da masu kaɗa piyano ke yawan bugawa?

Sunan yakan fito a jerin kiɗe-kiɗen bukukuwan waƙa na Turai. Bådnlåt waƙar reno ce ta ƙauyukan Norway, wadda iyaye mata ke rerawa ba ganga ba goge, don jariri ya yi barci. Gajera ce, amonta kaɗan, ana ta maimaita shi.

Ta yaya ta hau piyano? Mawallafin kiɗa yakan bar ainihin karin waƙar a hannun dama, hannun hagu kuma ya riƙa bin sa da sautuka masu taushi, kamar ana jijjiga goyo. A nan gwaninta take, domin in ado ya yi yawa, waƙar ta ɓace.

Fitacciya ita ce wadda mawallafin kiɗa Edvard Grieg, haifaffen Bergen a Norway, ya ji daga bakin Gjendine Slålien, budurwa mai tatsar shanu a duwatsun Jotunheimen, a 1891. Ya sa ta a ƙarshen kundinsa mai waƙoƙin gargajiya 19, wanda ya shirya a 1896.

Yau ɗaliban piyano na koyonta, ƙungiyoyin mawaƙa ma na rera ta.